Modul Din Kanel Yaki Sauka: A Lallaba Shi, A Tilasta Shi, Ko A Yi Ribut?

A Linux, kanel shine zuciyar sistem din, modul kuma wani yankin kod ne, kamar direban na'ura, da ake dora masa ko a sauke yana cikin aiki. Ka buga `sudo modprobe -r nvidia` ko `rmmod snd_hda_intel` don sauke daya, kwamfuta ta dawo maka da `Module ... is in use`, shikenan hankali ya rabu. Wani zai ce maka kara `-f` kawai ka wuce wajen, wani yace kar ka kuskura ribut zakayi, wani kuma ya kawo maka zancen unbind da blacklist har kanka ya daure. Duk hanyoyin nan akwai su a Linux kuma kowacce da ranarta, amma ba daya suke ba ko kusa, akwai wadda in ka dauka akan sabar da jama'a ke aiki da ita to wallahi ka debo ruwan dafa kanka.

Wai me "in use" din yake nufi ne

Kanel yana rike da lamba ga kowane modul, adadin masu rike dashi. Yawanci wanda zai shiga cikin kod din modul sai an kira `try_module_get()` lambar ta karu da daya, in ya gama a kira `module_put()` ta ragu. Lambar ce kake gani a karkashin `Used by` in ka buga `lsmod`, tana nan kuma a `/sys/module/sunan_modul/refcnt`. Masu rikon iri biyu ne. Akwai wasu modul da suka dogara dashi, wadannan `lsmod` zai rubuto maka sunayensu kuma suna cikin `/sys/module/sunan_modul/holders/`. Akwai kuma marasa suna, wato manhajar da ta bude wani fayil a `/dev`, ko disk din da aka yi maunt, wato aka jona shi da sistem ana amfani da fayilolinsa, ko soket da yake bude, wadannan lamba kawai zaka gani babu mai gaya maka ko waye, kuma a nan yawanci gizo ke saka.

Dalilin da yasa kanel yake kafewa shine, da zarar modul ya sauka, memorin da kod dinsa yake zaune ana sakinsa a bawa wani. To in akwai sauran wani da yake rike da adireshin wani aiki na cikin modul din, ko agogon da aka saita zai tashi nan da dakika biyu, zai yi tsalle ne zuwa wajen da babu komai, ko mafi muni wajen da an riga an zuba wani abu daban. Kamar ka janye tsani ne mutum yana kai. In kayi sa'a ka samu oops ko panic, wato kanel ya fitar da kuskure ko ya tsaya cak, nan take ka san abinda ya faru, in baka yi sa'a ba memori ya lalace a boye, sai bayan awanni wani abu da ba ruwansa ya fadi, ko a rubuta shara akan disk.

Abinda yafi damuna ma shine mutane sun dauka in lambar sifili ce to babu matsala. Ba haka bane. Direbobin katin netwok irinsu `e1000e`, `r8169`, `iwlmvm` sau da yawa sifili suke nunawa alhali kana kan intanet dasu a lokacin, da gangan aka tsara su haka, in ka cire direban kanel zai rufe hanyar ne kawai ya sauke ta. Kanel din lafiyarsa kalau, amma kai da ka shigo daga nesa ta SSH ta wannan katin ka rufe wa kanka kofa kenan. Don haka sifili yana nufin kanel ba zai hanaka ba, baya nufin babu mai amfani da abun.

Kafin ka wahalar da kanka ka duba abu biyu. Na farko ko abun modul ne ma da gaske, domin wasu an dinke su ne cikin kanel, `modprobe -r` zai ce maka `is builtin`, wannan babu saukewa. Na biyu `sysctl kernel.modules_disabled`, in 1 ne to an kulle dorawa da saukewa gaba daya har sai anyi ribut, ko rut, mai cikakken iko akan injin, baya iya mayar dashi 0.

Ma'aunin da zan auna dasu

Abu hudu. Tsada, kuma ba kudi kawai nake nufi ba, yawancin kayan nan kyauta ne, tsadar ita ce aikin da zai tsaya da mutanen da za a katse. Sai dorewa, wato in an sake kunna kwamfutar ko an sake cusa na'urar abun zai dawo ko ba zai dawo ba. Sai sauki. Sai hadari, shi kuma ina raba shi biyu a raina, wanda zaka gani da idonka nan take da wanda zai kwanta maka sai daga baya, na biyun shine abin tsoro.

1. Ka nemo mai rikon ka sallame shi, sannan `modprobe -r`

Wannan itace hanyar asali kuma ita nake so mutum ya fara gwadawa kullum. Tsakanin `rmmod` da `modprobe -r` bambancin kadan ne, `rmmod` modul daya tak yake cirewa, `modprobe -r` kuma yana hadawa da wadanda ke karkashinsa in babu mai bukatarsu. Lura fa, na karkashi nace, na sama da suka dogara dashi baya taba su sai ka kara `--remove-holders`.

Bari mu dauki wanda yafi yawan tada hankalin mutane, katin NVIDIA. Kayi afdet, ka buga `nvidia-smi` yace maka `Driver/library version mismatch`, ma'ana sabon laburare ya sauka akan disk amma tsohon modul ne har yanzu a memori. Zaka fara da `sudo fuser -v /dev/nvidia*` ko `lsof` don ganin manhajojin da ke rike da katin, zaka ga Xorg ko gnome-shell, zaka ga `nvidia-persistenced`, watakila wani Python da wani ya bari yana gudu tun jiya ko kwantenar Docker. Sai `systemctl isolate multi-user.target` ya rufe duk bangaren hoto, ka tsayar da `nvidia-persistenced`, ka roki mai Python ya ajiye aikinsa ya rufe, sannan ka sauke daga sama zuwa kasa: `nvidia_uvm`, `nvidia_drm`, `nvidia_modeset`, sai `nvidia` a karshe. Wani lokaci duk ka kashe komai `fuser` baya nuna kowa amma `nvidia_drm` yaki sauka, to bakin allon rubutun nan ne da kansa yake rike dashi, sai ka sake shi da `echo 0 | sudo tee /sys/class/vtconsole/vtcon1/bind`, ka fara karanta fayil din `name` da ke wajen don ka tabbatar vtcon din da kake nufi ne. Allon zai iya yin baki daga nan, shiyasa aikin nan ta SSH ake yinsa daga wata kwamfutar.

Bangaren sauti kuma nasa salon daban. Ka kashe PipeWire ko PulseAudio kafin ka kifta ido ya dawo, saboda systemd yana da soket da yake tada shi duk sanda wani ya nema, dole ka tsayar da soket din tare da sabis din, `systemctl --user stop pipewire.socket pipewire.service wireplumber.service`, ka hada da `pipewire-pulse` in akwai, sannan `fuser -v /dev/snd/*` ya tabbatar maka babu saura.

Modul din tsarin fayil irinsu `xfs`, `btrfs`, `nfs` sai kayi `umount` din komai. Akwai tarko biyu anan. `umount -l` yana boye maka abun ne kawai daga gani, wanda yake rike da fayil yana nan rike, lambar bata sauka ba. Sannan kwantena da wasu sabis na systemd suna da nasu ganin na maunt daban, kai a wajenka `findmnt` yace babu, amma a can ciki yana nan, sai ka bi `grep xfs /proc/*/mountinfo` kafin ka kamo shi.

In ka ci karo da tsohon bayani yana cewa `rmmod --wait`, ka wuce shi, an cire wannan jiran daga kanel tun 3.13. Abinda ake dashi yanzu shine `modprobe -r --wait` da ya shigo a kmod 30, shi kuma sake gwadawa kawai yake ta yi har lokacin da ka bashi ya cika, baya hana wani sabo ya zo ya kama.

Tsadarta: duk mai amfani da na'urar zai tsaya, sauran kwamfutar kuma na ci gaba da aiki. Dorewa babu, udev, mai dora direba da zarar ya ga na'ura, zai sake dora shi a ribut na gaba ko da zarar ka sake cusa na'urar. Sauki ya danganta da yadda mai rikon ya buya. Hadari kadan ne, saura kawai in aikin fita na modul din kansa yana da kwaro, domin gaskiya hanyar fita bata samun gwaji kamar hanyar shiga, mutane miliyoyi suna dora direba kullum amma kalilan ne ke sauke shi. Saboda haka ka bar `dmesg -w` a bude a gefe kana kallon sakonnin kanel yayin da kake saukewa.

2. Unbind: ka raba na'urar da direban, modul ya zauna

Sau da yawa mutum ba modul din yake son cirewa ba, so yake na'ura daya ta saki direba, ko don ta sake tashi sabuwa, ko don ya mika ta ga VM, wato kwamfutar kwaikwayo mai gudu cikin taka, ta `vfio-pci`. To anan baka bukatar taba modul. `lspci -Dk` zai baka adireshin da direban da ke kai, sai:

`echo 0000:03:00.0 | sudo tee /sys/bus/pci/drivers/iwlwifi/unbind`

in zaka mayar ka rubuta adireshin a `bind`. Na USB ma haka yake a `/sys/bus/usb/drivers/`. Dadin abun shine kod din modul yana nan a memori, babu zancen tsalle zuwa wajen da aka share, kuma in kana da kati hudu masu direba daya, daya zaka cire sauran ukun basu ma sani ba. Yana aiki ko da direban dinkakke ne cikin kanel.

Amma kar kaji haka ka saki jiki. Unbind baya duba waccan lambar kwata-kwata, baya tambayarka ko ka tabbata. A wajen kanel kusan daidai yake da ka fizge na'urar da hannu. In disk ne da aka yi maunt, duk abinda ba a rubuta ba ya tafi. Wasu direbobin kuma in na'urar na aiki sai umarnin ya makale yana jira, na NVIDIA yakan yi haka, `vfio-pci` shima baya saki sai VM din ya sake masa. Kuma baya warware matsalar wanda yake son dora sabon modul, tsohon na nan zaune.

Tsada kadan ce sosai, dorewa babu sai ka hada da dokar udev ko saitin `driver_override` da za a rika sawa a kowane tashi, sauki matsakaici domin kuskuren lamba daya a adireshi sai ka cire wata na'urar daban.

3. `rmmod -f`

Wannan shine wanda yake jan ido saboda harafi daya ne. Bari in fadi abinda yake yi daki-daki don mutum ya san me yake saye. Yana cewa kanel ya rufe ido daga lambar masu riko, ya kira aikin fita, ya saki memorin. Baya kashe masu rikon, baya sanar dasu, suna nan rike da adireshin da ya mutu.

Kuma abubuwan da mutane suke zaton zai yi musu, yawanci baya yi. In wani modul ne ya dogara da naka, ko da `-f` kanel kin yarda zai yi. In modul din ya riga ya makale a tsakiyar sauka, wato `/proc/modules` yana nuna `Unloading`, `lsmod` na nuna -1, `rmmod` na farko yana kwance a halin D, wato jiran da ba a iya katsewa, ko `kill -9` baya taba shi, nan ma `-f` ba abinda zai yi, ribut ne kawai ya rage. Sannan baya aiki sam sai an gina kanel din da `CONFIG_MODULE_FORCE_UNLOAD`, wasu distro, wato nau'o'in Linux, sun kunna wasu sun kashe, ka duba da `grep FORCE_UNLOAD /boot/config-$(uname -r)`. Bayanin da masu kanel suka rubuta akan wannan saitin da kansu cewa yayi na masu gina kanel ne da wadanda tura ta kai bango, in kana shakka ka barshi a kashe.

In ya yi aiki kuma, kanel din ya samu tabo, harafin R, zaka ga 8 ya shiga lissafin `/proc/sys/kernel/tainted`, kuma tabon baya fita sai ribut. Duk matsalar da ta biyo baya in ka kai kara wajen masu gyara, abu na farko da zasu ce shine ka sake jawo matsalar akan kanel mara tabo, kuma da gaskiyarsu.

To ka ga lissafin. Ka guji ribut na minti biyar wanda kai ka zabi lokacinsa, ka sayi wanda zai zo maka lokacin da ya ga dama, watakila da lalataccen disk a kai. Kuma ko da komai ya tafi lafiya a ido, mai hankali ba zai ci gaba da amincewa da wannan kanel din ba, zai sa ranar ribut dai. Ni a ganina `-f` ba tsaka-tsaki bane tsakanin lallabawa da ribut kamar yadda ake dauka, yafi su duka biyun tsada. Inda kawai na yarda dashi shine mai rubuta modul da yake gwaji cikin VM, ya san kod dinsa ne ya manta `module_put()` lambar ta makale a 1 alhali babu kowa a ciki, ko modul mai aikin shiga babu na fita wanda yake fitowa da `[permanent]`, kuma in VM din ya fadi ba wanda ya rasa komai.

4. Blacklist da ribut

Mutane suna raina wannan kamar gazawa ce, alhali ita kadai ce a cikin jerin nan da take baka tabbacin memori tsaf, kuma ita ce mafi dorewa. In sabon modul kawai kake son ya hau, ribut shi kadai ya wadatar. In kuma baka son ganin modul din kwata-kwata sai ka hada da hana shi hawa.

Akwai inda ake yawan zamewa. Layin `blacklist nouveau` a cikin `/etc/modprobe.d/` hana dorawa ta atomatik kawai yake yi, in wani modul ya dogara dashi ko wani ya kira sunansa kai tsaye zai hau abinsa. In kana son toshewa da gaske sai `install sunan_modul /bin/false`, ka gwada da `modprobe -n -v sunan_modul` kaga me zai faru. Na biyu, direbobi da yawa tun a initramfs, karamin sistem din da kwamfuta ke fara tashi dashi, suke hawa kafin ma a karanta `/etc` dinka, dole ka sake gina shi, `update-initramfs -u` a Debian da Ubuntu, `dracut -f` a Fedora da RHEL, `mkinitcpio -P` a Arch. Wanda ya manta wannan zai yi ribut yaga abun yana nan ya dauka blacklist baya aiki.

Hadarinsa daya ne amma babba: ka hana direban da kwamfutar ke tashi dashi, irinsu `nvme` ko `ahci`, ko na netwok akan sabar da take nesa da kai. Maganin shine ka fara gwaji na tashi daya, a GRUB, allon zabin da ke fitowa lokacin tashi, ka danna `e` ka kara `modprobe.blacklist=nouveau` a layin kanel, in abu ya baci ribut na gaba ya goge shi. Akwai kuma `module_blacklist=` wanda kanel da kansa yake kin karbar modul din ko ta ina aka biyo.

Wani lokaci ma ba hanawa ake bukata ba, saiti ne. Tun kanel 6.12 KVM, modul din Linux mai gudanar da VM, yana kama bangaren VM na furosesa da zarar an dora shi, sai VirtualBox ya rika korafi, mutane suyi ta `modprobe -r kvm_intel` ko `kvm_amd` duk safiya. Yana aiki in babu VM mai gudu, amma `kvm.enable_virt_at_load=0` a layin kanel ya kashe maganar gaba daya.

In abinda ke sa ka tsoron ribut shine sabar da take daukar mintuna tana gwajin memori kafin ta tashi, akwai `kexec`, yana tsallake wannan bangaren ya shiga sabon kanel kai tsaye. Duk manhajoji zasu mutu dai kamar ribut na gaske, lokacin ne kawai yake raguwa, kuma wasu na'urori basa farfadowa daidai tunda ba a yanke musu wuta ba, katin hoto musamman, to ka gwada akan irin injin kafin ranar bukata.

5. Livepatch

Na sako shi ne don wasu dalilinsu na son sauke modul shine toshe wata kafar tsaro. Tun kanel 4.0 a 2015 akwai hanyar karkatar da aiki daga tsohon kod zuwa gyararre ba tare da an sauke komai ba, Red Hat suna da kpatch, SUSE da Canonical suna da nasu, Oracle suna da Ksplice. Yawanci cikin rajistar da ake biya yake zuwa, ko da yake Ubuntu Pro kyauta ne ga mutum akan injinansa har 5. Kananan gyare-gyare yake dauka, kuma sai wanda kamfanin ya fitar, ba zai canza maka direban NVIDIA daga wani zubi zuwa wani ba.

| Hanya | Tsada | Dorewa | Sauki | Hadari |
|---|---|---|---|---|
| Sallamar mai riko, sai `modprobe -r` | masu amfani da na'urar zasu tsaya | babu, yana dawowa | ya danganta, wani lokaci sai an sha bincike | kadan |
| Unbind | na'ura daya kawai | babu sai da dokar udev | matsakaici | matsakaici, babba in disk ne |
| `rmmod -f` | kamar kyauta a farko | babu | harafi daya | mafi girma, kuma boyayye |
| Blacklist da ribut | komai zai tsaya na dan lokaci | yana dorewa | mai sauki in baka manta initramfs ba | kadan, sai in ka hana direban tashi |
| Livepatch | yawanci kudin rajista | har zuwa sabon kanel | mai sauki in distro ya tanada | kadan, amma aikinsa takaitacce |

To wacce zaka dauka

In laptop dinka ce wayafai ko sauti ya dauke bayan ta farka daga barci, ka fara da `modprobe -r` ka sake dorawa, in ya ce maka yana aiki ka nemo mai rikon da `fuser`, in abun ya wuce minti goma kana nema kayi ribut ka huta, ba wanda yake jiranka.

In kati daya kake son bawa VM, ko na'ura daya ce ta rikice cikin da yawa, unbind, bayan ka tabbatar ba a maunt take ba kuma ba ta ita ka shigo ba.

In sabar lissafi ce mai katin NVIDIA da babu allo a jikinta, hanya ta farko tana tafiya sumul domin masu rikon 'yan kadan ne kuma yawanci suna fitowa a `fuser`, ka sanar da masu aiki a kai tukun. In kuma tebur ce mai allo da kake zaune gabanta, tunda dole ka rufe duk tagoginka kafin modul ya sauka, ribut din ma bai fi haka tsada ba.

In sabar ce mai rike da bayanan mutane kuma modul din na disk ne ko tsarin fayil ko netwok, dan uwa ka sa lokaci, ka kwashe aikin zuwa wani injin in akwai, kayi ribut, kuma ka tabbatar kana da wata kofar shiga wadda bata bi ta katin da zaka taba ba. In kafar tsaro ce a modul din da baka ma amfani dashi, lambar sifili ce, ka sauke yanzu ka toshe da `install ... /bin/false` ka sake gina initramfs. In kana amfani dashi kuma ba halin tsayawa, ka duba ko distro dinka ya fitar da livepatch, ka rike dashi zuwa ranar ribut.

In modul ya riga ya makale a `Unloading`, ko `dmesg` yana ta maimaita `unregister_netdevice: waiting for ... to become free`, babu sauran zabi, ka ajiye abinda ke `dmesg` a wani waje don bincike, kayi `sync`, kayi ribut tun injin yana amsa umarni.

In kuma kai ne mai rubuta modul din, VM kawai, da KASAN, mai kamo kuskuren memori a kanel, a kunne, `-f` halal ne a can amma ka dauke shi alamar akwai gyara a kod dinka. Ka sa `.owner = THIS_MODULE` a `file_operations` don bude fayil ya rika daga lambar, sannan aikin fitarka ya warware komai a juye da yadda ka kulla: ka fara rufe kofar da sababbi ke shigowa, sai `free_irq`, `timer_delete_sync` wanda a tsofaffin kanel sunansa `del_timer_sync`, `cancel_work_sync`, `kthread_stop`, in kuma ka taba kiran `call_rcu` ko sau daya ne to sai ka kira `rcu_barrier()` kafin ka fita, `synchronize_rcu()` shi kadai baya jiran wadancan ayyukan da ka jera su gama. Ka rubuta dan madauki da zai yi ta dorawa yana saukewa yayin da wata manhaja take bude na'urar tana rufewa, ka barshi ya kwana yana gudu, da safe ka karanta `dmesg`.